Babi na Biyar: Katin Kalma da Koyon Turanci a Ƙasar Falgore

Ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa suna kudancin Jihar Kano ne, a kan hanyar da ta rabu da titin Zariya a Kwanar Ɗangora, ta bi ta Tudun Wadar Ɗankadai, ta ratsa dajin Falgore, sannan ta faɗa Jihar Kaduna ta nufi Saminaka da Jos. Ƙasa ce ta noman masara da dawa da shinkafa da rake, da kamun kifi a madatsar ruwa ta Tiga wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, da kiwo a gefen dajin da Turawan mulkin mallaka suka keɓe a shekarun 1940 da sunan gandun Kogin Kano, da kuma haƙar kuza a duwatsun Riruwai. Duk waɗannan sana'o'i da Hausa ake yin su, a rugage kuma da Fulatanci, saboda haka yaron da ya tashi a wannan yanki yana iya wuni bai ji jimla ɗaya ta Turanci daga bakin mutum ba, domin da Hausa ake ciniki a kasuwa, da ita ake wa'azi, da ita rediyo ke ba da labarai, hatta finafinan Indiya da ake kallo a waya an riga an juya su zuwa Hausa. Turancin da ke zuwa gabansa a rubuce yake zuwa, a jikin buhun taki da kwalbar maganin feshi da ledar taliya, kuma ba mai karanta masa.

Makaranta kuwa ba ta yi wa wannan yaro rangwame ba. Tsarin ilimi na ƙasa, tun bugunsa na farko a 1977, ya amince a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a muhallinsa, bugun 2004 kuma ya fayyace cewa a shekaru uku na farko ne za a yi haka, ana koyar da Turanci a matsayin darasi, daga aji huɗu kuma ya zama harshen koyar da sauran darussa. A 2022 gwamnatin tarayya ta tsawaita wa'adin harshen uwa zuwa shekaru shida na firamare, sannan a Nuwamban 2025 ma'aikatar ilimi ta sanar da janye wannan mataki. Ko wanne daga cikin waɗannan tsare-tsare ke aiki, littattafan kimiyya da lissafi da zamantakewa na manyan azuzuwa da Turanci aka rubuta su, jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yin ta, kuma ba a shiga jami'a sai da kyakkyawan sakamakon Turanci a WAEC ko NECO. Yaron da ya isa aji huɗu da kalmomi ƙalilan yakan faɗi har darussan da yake da basirarsu, don kawai bai gane abin da tambaya ke nema ba.

Masana koyar da harshe sun daɗe da ƙidaya yawan kalmomin da ake bukata. Michael West, Baturen Ingila da ya shafe shekaru yana horar da malamai a Bengal, ya wallafa jerin kalmomi kimanin 2,000 a 1953, waɗanda aka tace musamman bisa yawan aukuwarsu a rubuce-rubucen Turanci, kuma ƙididdiga ta nuna cewa kalmomi 2,000 mafiya yawan aukuwa suna ɗauke da kusan kashi 80 cikin 100 na rubutun yau da kullum. Paul Nation na Jami'ar Victoria da ke Wellington a Niyuzilan, wanda littafinsa na 2001 kan koyon kalmomin baƙon harshe ya zama madogara a wannan fage, ya nuna cewa mai karatu ba ya sakewa da rubutu ba tare da mai taimako ba sai ya san kimanin kalmomi 98 cikin kowace 100. Ɗan Ingila yana tsintar dubban kalmomi da kunne tun kafin a kai shi makaranta, amma ɗan Doguwa sai an kawo masa su da gangan, ɗaya bayan ɗaya, cikin 'yan mintocin da jadawali ya ware wa Turanci. Lissafin kansa ba abin tsoro ba ne, domin kalma goma a mako cikin makonni 36 na karatu ta ba da 360 a shekara, shekara uku kuma ta haura 1,000. Inda gizo ke saƙa shi ne riƙe su, domin kalmar da aka koyar ran Litinin sau da yawa ba a samun ta ran Juma'a.

Katin kalma, wato ɗan yankin kwali da ake rubuta kalmar Turanci a fuska ɗaya, a sa hoto ko ma'anarta da Hausa a ɗaya fuskar, yana cikin mafi arahar kayan koyarwa da aka sani, kuma abu biyu ne suka bambanta shi da jerin kalmomin da ake rubutawa a allon bango. Na farko, amsarsa a ɓoye take, sai an juya shi ake ganin ta, don haka dole yaro ya laluba kansa kafin a nuna masa. Na biyu, kowace kalma zaman kanta take yi, ana iya cakuɗa katunan, a ware masu wuya, a jinkirta masu sauƙi, abin da ba ya yiwuwa ga jerin da alli ya kafe a bango.

Muhimmancin waɗannan siffofi biyu ya samo asali ne daga yadda mantuwa ke aiki. Hermann Ebbinghaus, masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Jamus, ya wallafa sakamakon gwaje-gwajen da ya yi a kan kansa a 1885, inda ya riƙa haddace jerin gaɓoɓi marasa ma'ana, yana komawa gare su bayan mintoci ko sa'o'i ko kwanaki don ya auna abin da ya zube. Ya tarar cewa mafi yawan asarar tana aukuwa ne a sa'o'in farko da yinin farko, daga nan zubewar ta lafa, kuma maimaicin da aka rarraba cikin kwanaki ya fi wanda aka tara a zama ɗaya amfani nesa ba kusa ba. Wannan shi ne tishi mai tazara, wato komawa ga abin da aka koya bayan an bar shi ya fara dusashewa, ana ƙara tsawon tazarar gwargwadon yadda abin ya zauna.

Binciken da ya fi dacewa da batun kati shi ne wanda Jeffrey Karpicke da Henry Roediger suka wallafa a mujallar Science a 2008. Sun ba ɗaliban jami'a a Amurka kalmomin Suwahili 40 tare da ma'anoninsu na Turanci, suka raba su rukuni-rukuni, wasu ana ci gaba da tambayar su kowace kalma ko da sun riga sun amsa ta daidai, wasu kuma da zarar sun amsa kalma sau ɗaya sai a daina tambayar su ita, ko da an bar su suna sake karanta ta. Bayan mako guda, waɗanda aka ci gaba da tambaya sun tuno kusan kashi 80 cikin 100, sauran kuwa kimanin sulusi kawai suka kawo, kuma sake kallon kalmar da ma'anarta bai ƙara musu komai ba. Manya ne aka yi gwajin da su, ba 'yan shekara takwas ba, amma gwaje-gwajen da aka yi da 'yan makaranta sun fuskanci alƙibla guda, muddin ana gaya wa yaro amsar daidai nan take bayan ya yi ƙoƙari. Abin da ke kafa kalma a ƙwaƙwalwa shi ne yunƙurin zaƙulo ta, kuma don wannan yunƙurin aka yi kati.

Mutanen ƙasar Falgore ba baƙin wannan ƙa'ida ba ne, ko da ba su taɓa jin sunan Ebbinghaus ba. A makarantar allo malam yana biya wa almajiri karatunsa, almajiri ya koma gefe ya yi ta maimaitawa da ƙarfi cikin hayaniyar 'yan'uwansa, amma ba a yarje masa ya wanke allo a yi masa ƙari ba sai ya zo gaban malam shi kaɗai ya kawo abin da aka biya masa, kuma bayan ƙarin ana mai da shi baya ya yi tishin abin da ya wuce. Ɗaga murya tare wani yanki ne kawai na wannan tsari, kuma tantance kowane almajiri shi kaɗai da komawa ga tsohon karatu su ne suke riƙe da shi. Ajin boko na karkara ya ɗauki ɗaga muryar, amma cunkoso da ƙarancin malamai sun sa ya yar da sauran biyun.

Ana iya ganin haka a yadda aka saba amfani da kati a aji mai yara da yawa. Malam ya ɗaga kati mai hoton akuya ya ce "goat", aji ya amsa da murya ɗaya, ya ce "again", su sake, har sau uku ko huɗu, sannan ya ɗaga na gaba. Mai wucewa ta bayan taga zai ce karatu ya kankama. Amma wanda ya tsaya ya lura da bakunan yaran zai ga cewa 'yan gaba huɗu ko biyar ne ke fara furtawa, sauran suna biyo su da rabin numfashi, na can baya kusa da bango kuma wasu wasalin ƙarshe kawai suke kamawa, idanunsu ma ba sa kan katin. Idan aka bi jerin da tsari ɗaya kullum, akuya sannan kaza sannan kare, yara sukan haddace jerin kamar waƙa, har su faɗi kalma ta gaba kafin a ɗaga katinta, malam kuma ya ɗauka ƙwazo ne. A irin wannan darasi babu wanda ya zaƙulo komai daga kansa in ban da 'yan gaban nan, waɗanda da ma su ne suka fi kowa rashin bukatar darasin.

Gyaran ba ya cin kuɗi, amma yana bukatar malam ya jure shiru, wanda shi ne abin da ya fi yi wa malamai da yawa wuya. Bayan an gabatar da sabuwar kalma, an furta ta, an yi amshi sau biyu ko uku don baki ya saba, sai amshi ya ƙare. Daga nan malam ya cakuɗa katunan, ya ɗaga ɗaya, ya hana kowa magana na ɗan lokacin da za a ƙirga biyar a zuci, sannan ya kira sunan yaro guda, yana farawa da na baya da 'yan matan da ba sa ɗaga hannu. Kiran suna bayan shirun ne ke sa kowa ya laluba kansa, tunda ba wanda ya san a kan wa za a faɗa. Wanda ya kuskure a juya masa katin ya gani, ya furta, a mai da katin tsakiyar tarin don ya sake fitowa bayan 'yan mintoci. Bulala ba ta da gurbi a nan, domin yaron da ke tsoron duka ba zai yi ƙoƙarin da ke iya zama kuskure ba, alhali ƙoƙarin shi ne maganin. Da farko ana nuna fuskar Turanci a nemi ma'ana, wanda shi ne ganewa, bayan kwanaki kuma a juya a nuna hoto ko Hausa a nemi Turancin, wanda shi ne furtawa, kuma ya fi wuya ƙwarai.

Malami ɗaya ba zai iya tambayar yara tamanin ɗaya-ɗaya a darasi guda ba, don haka dole katuna su sauka daga hannunsa zuwa hannun yara. Idan aka raba aji rukuni-rukuni na mutum shida ko takwas, kowane rukuni da ɗaurin katunansa, mai riƙe da kati yana ganin amsa a bayansa ya tambayi na kusa da shi, riƙon kuma yana zagayawa, to cikin minti goma kowane yaro zai amsa tambayoyin da ba zai samu a mako guda na amshi ba. Rarraba yara bisa abin da suka iya, maimakon bisa ajin da shekaru suka kai su, shi ne ginshiƙin shirin KaLMA da aka fara a 2019 a ƙananan hukumomin Dawakin Tofa da Wudil, da haɗin gwiwar hukumar ilimin bai-ɗaya ta Kano (SUBEB) da British Council, bisa salon da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da shi. Kati yana sauƙaƙa irin wannan rabo, domin da katuna ashirin malam zai gane cikin ɗan lokaci wane rukuni ya dace da kowane yaro.

Tazarar tishi kuwa ta samu tsari mai sauƙi daga Sebastian Leitner, ɗan jarida mai rubutu kan kimiyya da Jamusanci, wanda a littafinsa na 1972 ya bayyana akwati mai ɗakuna biyar: sabon kati yana shiga ɗakin farko, in an amsa shi daidai ya matsa gaba zuwa ɗakin da ba a cika buɗewa ba, in an kuskure shi, ko daga wane ɗaki yake, ya dawo na farko. A makarantar ƙauye gwangwanayen madara uku sun wadatar. Na farko ana buɗe shi kullum, na biyu Litinin da Alhamis, na uku ran Juma'a kaɗai, katin da ya tsallake na uku sau biyu kuma a ɗaure shi da roba a ajiye sai ƙarshen wata. Leitner ya tsara akwatinsa ne don mai koyo guda, shi ya sa a aji wata tambaya ke tasowa, wato amsar wa za ta matsar da kati gaba. Idan amsar haziƙin aji ce, gwangwanin farko zai wofinta cikin kwana biyu alhali yawancin yara ba su san komai ba. Abin da ya fi shi ne kowane rukuni ya mallaki gwangwanayensa, kati kuma kada ya matsa sai yara biyu daban sun amsa shi ba tare da an raɗa musu ba.

Akwai wata tazarar da ba malam ne ya tsara ta ba. Da damina ana ɗauke yara zuwa shuka da noma, da kaka zuwa girbi da ɓarar masara, ranar kasuwa azuzuwa sukan rame, 'yan mata da yawa suna fita talla, 'ya'yan makiyaya kuma suna iya tashi da iyayensu idan rani ya tsananta. A kan wannan ga dogon hutun ƙarshen shekara, wanda ya isa ya share kalmomin da ba su kai ga gwangwani na uku ba. A nan kati ya fi littafi, domin goma daga cikinsu suna shiga aljihun riga su tafi gona ko bakin rafi. Uwar da ba ta jin Turanci tana iya nuna wa ɗanta fuskar Turancin, ya faɗi ma'anar da Hausa, ita kuma ta duba bayan katin ta gani ko ya dace, kuma inda iyaye suka fi sakewa da ajami babu abin da ya hana a ƙara ma'anar da ajami a ƙarƙashin boko. Sai dai ya kamata shugaban makaranta ya yi wa iyaye bayani tun da wuri, domin uban da ya tarar da yara sun yi da'ira a zaure suna jefa katuna a kan tabarma, karta zai fara zato, kuma ba za a ga laifinsa ba.

Abin da ake sawa a kati

Katunan da ake sayarwa a kantunan littattafai na birni yawancinsu an zana su ne don yaran wasu ƙasashe, shi ya sa ake samun tuffa da dusar ƙanƙara da jirgin ruwan shaƙatawa, abubuwan da sai an yi wa ɗan Tiga bayanin su kansu kafin a zo ga sunansu. Nauyi biyu ke nan a lokaci guda. Kifi da kwalekwale da fartanya da buhu ba sa bukatar bayani, kalmar kawai za a ɗora a kan abin da yaro ya riga ya sani. Amma kishin gida ma yana iya yin yawa, domin sunan gwanki ko gadu da Turanci, duk da cewa dabbobin dajin Falgore ne, ba zai taimaki yaro ya karanta shafi ɗaya na littafin aji huɗu ba. Ma'aunin zaɓe shi ne yawan aukuwar kalma da kuma bayyanarta a littafin da ajin zai karanta a makonni masu zuwa, misalin da za a ba ta kuma a ɗauko shi daga gida.

Hoto yana da ƙarfi ga sunayen abubuwa, amma yana da ruɗu fiye da yadda ake zato. Zanen yaro yana gudu na iya nufin yaro, ko gudu, ko sauri, ko tsoro, kuma kowane ɗalibi zai ɗauki wanda ya zo masa. Wasu malamai suna ƙyamar sa Hausa a bayan kati saboda tsohuwar aƙidar da ta ɗauki harshen gida a matsayin cikas, aƙidar da ta sa a da ake cin tarar ɗalibi ko a hukunta shi don ya yi Hausa a harabar makaranta. Nation da wasu masana sun nuna akasin haka, wato gajeriyar fassara da harshen mai koyo tana cikin hanyoyi mafi sauri da tabbas na isar da ma'ana a matakin farko. Ga ɗan Fulanin da Hausa ce harshensa na biyu, ko ɗan Kurama na kan iyakar Doguwa da Lere, ana iya ƙara kalmar gidansu a bayan katin, a sa "nagge" kusa da "saniya", kuma yaran da kansu za su gaya wa malam abin da zai rubuta. Makarantun da ke ƙarƙashin Hukumar Ilimin Makiyaya, wadda aka kafa a 1989, su ne suka fi kowa bukatar kayan koyarwa da za su shiga jaka su bi garke.

Kalmomin da suka fi yawa a Turanci ba sa zanuwa ko kaɗan. Jerin kalmomi 220 da Edward Dolch ya fitar a Amurka a 1936 don masu fara karatu babu sunan abu a cikinsa, cike yake da irin su "the" da "because" da "before" da "which", kuma irin waɗannan sai an sa su cikin ɗan yankin jimla a kan katin, kamar "before Friday", in ba haka ba yaro zai iya furta su bai san inda ake ajiye su ba. Haka kuma al'adar littattafan firamare ta jero kalmomi 'yan gida ɗaya a darasi guda, launuka bakwai yau, ranakun mako gobe, dama da hagu jibi, tana da illar da ba a cika lura da ita ba. Gwajin Thomas Tinkham a 1993, wanda Rob Waring ya maimaita a 1997, ya nuna cewa kalmomi masu kusancin ma'ana sun fi ɗaukar lokaci idan aka koye su tare, domin suna shiga wa juna. Yaron ya san cewa ɗaya daga cikin "hot" da "cold" zafi ce, amma wacce? Gara a koyar da ɗaya ta zauna, bayan mako a kawo kishiyarta, ɗaurin mako kuma a haɗa shi da kalmomin da labari ɗaya zai tara, kamar kogi da kifi da kamawa da jiƙewa da nauyi.

Kati ba ya magana, kuma wannan rauni ne babba ga Turanci. Rubutun Hausar boko yana tafiya kusan daidai da furuci, don haka yaron da ya iya karanta Hausa zai ɗauki wannan ƙa'ida ya ɗora wa Turanci: zai furta farkon "cat" da "cup" kamar farkon "caca" da "cuku", ya karanta "one" gaɓa biyu, ya furta harafin farko na "knife". Ga kuma sautukan da Hausa ba ta rarrabe su ba, har "pan" da "fan" su zama abu ɗaya a kunne, "v" ta koma "b", baƙaƙen da suka haɗu kuma a cusa musu wasali a tsakani, yadda "bread" ta zama burodi. Kalmomin aro irin su tebur da bokiti da fensir jari ne da yaro ya shigo da shi aji, kuma farawa da su yana ba shi ƙarfin gwiwa, amma furucinsu na asali sai an koya masa daban. Saboda haka ba a ba yaro kati ya tafi da shi gida sai ya ji kalmar daga baki sau da dama, kuma aikin kati yana tafiya ne tare da koyon sautuka, irin tsarin Jolly Phonics da aka fara bugawa a Ingila a 1992, wanda ya kasa Turanci zuwa sautuka 42, kuma aka horar da malaman firamare da shi a jihohin Nijeriya da dama. A nan ne waya ke da amfani na gaske. Manhajoji irin su Anki, wadda ta fito a 2006, suna lissafa tazarar tishi da kansu, amma ba abin da za a gina tsarin ajin ƙauye a kansa ba ne inda caji da data suke da tsada. Wayar malam guda mai ƙamus mai furta kalma ta isa, ya saurari kalmomi goman makon kafin ya shiga aji, domin kuskuren da ya fito daga bakinsa yara tamanin ne za su gaje shi.

Yin katin kansa ba ya bukatar jiran kwangila. Kwalin taliya ko na sabulu daga mai shago, almakashi da maka baƙa sun isa. Na malam ya kai faɗin littafin rubutu don na baya su hango, na rukuni kuma kamar tafin hannu, a rubuta da ƙananan haruffa irin na littafi, a bar manyan haruffa ga sunaye. 'Yan aji biyar da shida suna iya yanka da rubutawa, malam ya duba kowane kati kafin ya shiga gwangwani. Abokan gabar kati su ne gara da yoyon damina da hannu mai maiƙo, maganinsu kuma salatif a gefuna da leda da murfin gwangwani.

Duk da haka kati yanki ɗaya ne na koyon harshe, kuma wanda ya mai da shi darasin gaba ɗaya zai samu yara masu sunayen abubuwa ɗari uku da ba sa iya haɗa jimla. Nation ya kasa lokacin koyon harshe kashi huɗu masu kusan daidaito, wato sauraro da karatu don fahimta, magana da rubutu don isar da saƙo, nazarin kalmomi da nahawu da gangan, da kuma goge abin da aka riga aka sani har ya zo da sauri, kuma kati yana cikin kashi na uku ne kawai. Kalma ɗaya tana iya ɗaukar ma'anoni da dama, kamar "left" da kati ya ce hagu ce, sai yaro ya gamu da ita a wata jimla tana nufin abin da ya saura, kuma karatu ne ke fito da irin wannan, sannan a yi wa ma'ana ta biyu nata katin bayan ta farko ta zauna. Inda littattafan labarai suka yi ƙaranci, malam yana iya tsara labari mai jimla biyar da kalmomin makon, ya rubuta a allo ran Alhamis, yara su karanta, su kwaikwaya, su sauya masa ƙarshe. Minti goma zuwa goma sha biyar na kati a rana sun isa, sauran lokacin na irin wannan aiki ne.

Sanin ko aikin yana ci kuma ba ya bukatar jiran jarrabawar ƙarshen shekara. A makon farko na sabon zango shugaban makaranta yana iya kwance ɗaurin katunan zangon da ya wuce, ya cakuɗa, ya zari ashirin, ya kira yara goma daga rajista ba tare da malamin ajin ya zaɓa masa ba, ya tambaye su ɗaya-ɗaya a ƙarƙashin bishiya, ya rubuta adadin da kowa ya kawo. Katunan da yawancinsu suka kuskure su koma gwangwanin farko, adadin kuma a karanta shi a taron kwamitin kula da makaranta (SBMC), inda iyaye da mai unguwa za su iya kwatanta shi da na zangon baya.